Kwandere: Garin Da Ya San Daɗin Raba Gandu Da Ɗacinsa

Matafiyin da ya taso daga Abuja ya bi ta Keffi da Akwanga ba ya jin ya shigo ƙasar Lafiya sai duwatsun Eggon sun koma bayansa. Daga nan ƙasa take kwantawa, ta yi ja, ta yi faɗi, ido ya samu wurin sakewa. Gonakin doya hagu da dama, ga riɗi, ga agushi, ga rogo an ɓare an shanya a gefen kwalta yana shan ƙurar manyan motocin da suka nufi Makurɗi. Mutumin Kano da ya saba da gero da dawa da ƙaya sai ya yi ta kallon itatuwa: mangwaro, kashu, ɗorawa, kaɗanya, da kwakwar manja a bakin rafuka. Kwandere na nan bayan garin Lafiya, tafiyar da ɗan acaɓa ba zai tsawwala maka kuɗi a kanta ba, sai dai in ya ji Hausarka ta baƙo ce.

Gari ne da sunansa ya fi shi girma. Nan ne asalin Umaru Tanko Al-Makura, wanda ya mulki jihar Nasarawa daga 2011 zuwa 2019, nan kuma aka gina filin jirgin saman Lafiya. Sarkin garin Sangari ake ce masa, haka ma maƙwabtansu na Shabu ke kiran nasu. A tsakiyar gari tsofaffin gidaje ne masu rufin kwanon da ya yi tsatsa, da masallatai, da rumfunan masu shayi da masu cajin waya. Da ka matsa gefe sai ka ga wani garin dabam yana tsirowa: gidajen bulo masu dogon rufi, filaye an kafa musu duwatsun iyaka, wasu an zuba harsashi an tafi neman kuɗin ƙarasawa. Birnin Lafiya ne ke miƙo ƙafa, kuma nan ba da daɗewa ba zai yi wuya a nuna inda ya tsaya da inda Kwandere ta fara.

Ba filin jirgi ya kawo ni ba. Tun da kwamitin gyaran tsarin mulki na Majalisar Wakilai ya sanar a Fabrairun 2025 cewa ya karɓi buƙatun ƙirƙiro sababbin jihohi 31, maganar rabuwa ta dawo bakin mutane, kowane yanki na ganin in an yanka masa nasa zai fi jin daɗi. Sai na ga ya kamata a tambayi waɗanda suka riga suka ɗanɗana. A ƙasar nan kuwa da wuya a samu mutanen da suka san rabuwa kamar Gwandara, masu sarautar Kwandere.

Tarihin da suke bayarwa da bakinsu ya ce daga Kano kakanninsu suka fito. Lokacin da Musulunci ya kafu a fadar Kano aka matsa a bar tsafi da bukukuwan gargajiya, wani ɓangare na gidan sarauta da mabiyansa suka ƙi, suka tattara nasu ya nasu suka yi kudu. Wasu masu ruwaya na danganta abin da zamanin Sarki Yaji, lokacin zuwan Wangarawa a ƙarni na 14, wasu kuma da zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. An ce da aka kira su salla sai suka ce gwanda rawa, sunan kuma ya bi su. Suka yi ta yada zango har suka kafa Karshi, kusa da Abuja ta yau, sauran rassa suka bazu a ƙasashen Keffi da Lafiya. Harshen ya goyi bayan labarin, domin masana sun tabbatar babu harshen da ya fi Gwandara kusa da Hausa, har wani masani ɗan Japan, Shuji Matsushita, ya yi rubuce-rubuce a kansa a shekarun 1970. In dattawa biyu suna yinsa, Bakano zai riƙa cafke kalma nan da can, ya ji yanzu zai gane, sai zancen ya kuɓuce masa.

To ga abin da zamani ya yi. Jikokin waɗanda aka ce sun bar Kano don kada a tilasta musu salla, yau ladan na kira sahu ke cika a Kwandere, ba wanda ya riƙe musu bulala. Yaran da na ji suna wasa a lungu kuwa da Hausa suke faɗa da juna. Abin da aka guje wa da ƙafa ya biyo su ta kasuwa da auratayya da makarantar allo, suka kuma karɓe shi hannu biyu da yake babu dole a ciki. Amma sun tsira da abin da da sun zauna a Kano da tuni ya narke: suna da sunansu, suna da sarautarsu, kuma in za a zauna rabon wani abu a jihar nan dole a ƙirga da su.

Ba su kaɗai ba ne masu ƙaura a wannan ƙasa. A ƙarshen ƙarni na 18 Muhammadu Dunama da jama'arsa Barebari suka kafa Lafiya, shi ya sa ake ce mata Lafiyar Barebari. Bayan jihadi Yakubun Bauchi ya kawo yaƙi, aka ƙare Lafiya na kai gaisuwa Bauchi, Keffi da Nasarawa kuma na kai tasu Zazzau. Ita kanta Nasarawar da jihar ta ci sunanta rabuwa ce ta haife ta, domin Umaru Makama Dogo ya yi wa Keffi yaƙi, da aka samu saɓani ya ware ya kafa nasa garin a shekarun 1830. Turawa suka zo suka haɗa su a lardin Nasarawa, a 1926 suka rushe lardin suka mai da Lafiya ƙarƙashin lardin Binuwai. Takarda sai Makurɗi, babban hukunci sai Kaduna.

Da 'yancin kai ya ƙarato, ƙananan ƙabilun tsakiyar ƙasa suka ce ba su yarda a bar su cikin Jihar Arewa ba, suna tsoron rinjayen Hausa da Fulani. Jam'iyyar UMBC ta Joseph Tarka ta ɗauki maganar a ka. Turawa suka kafa hukumar Willink a 1957, ta zagaya ta saurari kowa, a 1958 ta ce ƙirƙiro jihohi ba zai kashe tsoron ba, domin duk inda aka ja sabon layi za a tarar da wasu tsirarun a cikinsa, gara a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam a tsarin mulki. Masu neman jiha ba su ji daɗin wannan amsa ba, kuma soja suka zo suka yi abin da ta hana. Ranar 27 ga Mayu 1967, kwana uku kafin Ojukwu ya shelanta Biyafara, Gowon ya raba ƙasar jihohi 12, Lafiya ta faɗa Binuwai-Filato mai hedikwata a Jos. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 Murtala ya raba Binuwai da Filato, Lafiya ta bi Filato. Ranar 1 ga Oktoba 1996 Abacha ya ciro Nasarawa daga Filato, rana ɗaya da Zamfara, Gombe, Ekiti, Ebonyi da Bayelsa, ya kuma sa hedikwata a Lafiya. Ke nan dattijon Kwandere da aka haifa a 1950 ya yi zama ɗan Jihar Arewa, ɗan Binuwai-Filato, ɗan Filato, ɗan Nasarawa, alhali bai taɓa matsar da ɗakinsa ba.

Irin wannan dattijon na tarar bayan la'asar a gindin mangwaro, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, tare da ɗan ƙanensa, saurayin da ya gama jami'a yana jan Keke Napep tsakanin Kwandere da Lafiya. Da na faɗi abin da ke tafe da ni, sai na ga ashe tsohuwar gardamarsu na taɓo.

"Ku yaran yanzu ba ku san Jos ba," in ji malamin, yana kallon yaron ba ni ba. "A zamaninmu in ƙarin girmanka ya maƙale, sai ka ranci kuɗin mota, ka bi ta Akwanga ka hau dutse, ka kwana a tasha cikin sanyin da ba ka saba da shi ba, gari ya waye a ce maka mai sa hannu ya yi tafiya. Gwamnonin farar hula biyu aka yi a tsohuwar Filato, Solomon Lar da Fidelis Tapgun, babu ko ɗaya daga wajenmu. Yau kuwa in na tashi da safe, kafin hantsi na je sakatariya na dawo. Da har yanzu muna Filato, yaushe Bagwandare zai zama gwamna?"

"Baba, duk abin da ka faɗa haka ne," in ji saurayin, ya sunkuyar da kai amma bai janye ba. "Sai dai ku aka buɗe wa ofisoshin. Mu da muka zo a baya mun tarar sun cika. Kuma jihar da sai Abuja ta aiko da kaso a ƙarshen wata kafin a biya albashi, ina tsayuwa da ƙafarta? Kai da kanka, Baba, ba kashi-kashi aka riƙa ba ka fansho ba?"

"Ko kashi-kashi ne, a gida nake karɓa, ba kuɗin mota."

Mai shayin da ke gefe ya yi dariya har ya kusa ɓarar da ruwan zafi.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san wannan gardama, ita ce ta raba gandu. Ƙane ya gaji da noma wa wansa, ya gaji da roƙon kuɗin sabulu, ya ce a yanka masa gonarsa. Ranar farko daɗi. Sai damina ta faɗi ya tuna garma ɗaya ce a gidan, shanun huɗa kuma na hannun wa. Duk da haka ba a cika ganin wanda ya ware ya dawo ya ce a sake haɗawa ba, kuma a Kwandere ban ji ko mutum ɗaya da ke marmarin komawa Jos ba, har da saurayin nan.

Ribar a fili take. Jami'ar jiha ta tashi a Keffi zamanin Abdullahi Adamu, gwamnan farar hula na farko, jami'ar tarayya ta zo Lafiya a 2011. Yankin da a da yake jelar wata jiha yanzu yana da sanatoci uku nasa, yana da kujerar minista wadda tsarin mulki ya wajabta wa kowace jiha, yana da ƙananan hukumomi 13. Lafiya da aka sani da tashar jirgin ƙasa da kasuwar doya ta zama birnin gwamna, Sarkinta ya zama shugaban majalisar sarakunan jiha, daga Isa Mustapha Agwai na ɗaya da ya yi sarauta daga 1974 zuwa 2019, zuwa Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad da ya baro Kotun Ƙoli ya gaje shi. Amma a lura da inda duk waɗannan suka fito. A Najeriya da jiha ake rabo: kujera, jami'a, gurbin aikin soja, da wani ɓangare na kason wata-wata da ake raba wa jihohi daidai wa daida ba tare da duba girma ba. Saboda haka wanda ya ware ya zama jiha ƙarin kwano ya samu a wurin rabo. Rabuwar Nasarawa ta yi riba ne saboda ba ta fita daga Najeriya ba.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar filin jirgin. Ana isa gare shi ta titi mai kyau, ga shinge ya miƙe iya ganinka, ga ginin matafiya tsaf, a bayan shingen manoma na duƙe a gonakinsu. Ranar da na je ban ga jirgi ba, ban ji ƙararsa ba. Al-Makura ya fara aikin da nufin jirage su riƙa kwasar riɗi da doya da ma'adinai, filin kuma ya zama madadin na Abuja in buƙata ta taso. Magajinsa, Gwamna Abdullahi Sule, ya ƙarasa, Shugaba Buhari ya buɗe shi a Fabrairun 2022. Daga baya gwamnatin tarayya ta karɓe shi, a 2024 aka amince a mayar wa jihar fiye da naira biliyan tara na abin da ta kashe. Ba na ganin laifin wanda ya yi mafarkin, domin ƙasar nan na da abin sayarwa: gishirin Keana da Awe, ma'adinan Azara, shinkafar Doma, ga kuma litiyom da ya jawo kamfanonin Sin. Amma aikin da aka yi don nuna jihar ta isa, a ƙarshe Abuja aka miƙa wa ɗawainiyarsa. Doyar Lafiya kuwa har gobe a tirela take zuwa Legas da Kano.

Sai kuma abin da ba a cika son faɗa wa baƙo ba. Nasarawa ba ta da ƙabilar da ta rinjayi kowa. Akwai Eggon, Alago, Mada, Gwandara, Migili, Afo, Gbagyi, Egbura, Bassa, Tibi, Barebari, Hausa da Fulani, da wasu da dama. Suna Filato bakinsu ɗaya, Jos ta danne su. Da aka ba su gidansu, ba a rufa shekara biyu ba rikicin Bassa da Egbura ya ɓarke a Toto, dubban mutane suka bar gidajensu. A 2001 kudancin jihar ya kama da wuta bayan kisan Sarkin Azara, Tibi da maƙwabtansu suka yi asarar rayuka da dukiya. A Mayun 2013 aka kashe jami'an tsaro masu yawa a Alakyo, ba nisa da Lafiya, lokacin tashen ƙungiyar Ombatse. Eggon, waɗanda ke cikin mafiya yawa a jihar, har yau ba su fitar da gwamna ba, kuma kukan da suke yi shi ne dai kukan da malamin nan ya ce sun yi wa Jos. Daga cikinsu Labaran Maku ya nemi kujerar bai samu ba. David Ombugadu, shi ma ɗan Eggon, ya samu nasara a kotun sauraren ƙararrakin zaɓe a Oktoban 2023, kotun ɗaukaka ƙara ta soke, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Sule a Janairun 2024. Ba shari'ar nake sake yi ba, kotu ta gama. Abin da nake nunawa shi ne maganar Willink ta 1958 ta tabbata a nan sarai. Kwandere da ta fitar da gwamna tana ganin jihar ta yi adalci, wani garin mai nisan sa'a guda yana ganin an canza masa ubangida ne kawai.

Wannan duk rabuwar cikin gida ce. Ta ficewa gaba ɗaya lissafinta ya fi nauyi, kuma mun gani a kusa da nesa. A Fabrairun 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama a Kamarun Ingila, arewaci ya zaɓi Najeriya ya zama lardin Sardauna, kudanci ya zaɓi Kamaru, ba a kuwa ba su zaɓin tsayawa su kaɗai ba. Jikokin na kudun ne ke ɗauke da bindiga tun 2017 suna neman ficewa. Sudan ta Kudu ta zaɓi rabuwa da kusan kashi 99 cikin 100, ta samu ƙasa ranar 9 ga Yuli 2011. Mai na ƙasarta, bututun da ke kai shi teku na ƙasar da ta bari, a 2012 ta rufe rijiyoyin saboda rigimar kuɗin wucewa, a Disambar 2013 kuma Salva Kiir da Riek Machar suka juya wa juna bindiga. Mutanen Sikotland sun yi tasu cikin ruwan sanyi ranar 18 ga Satumba 2014, bayan doguwar muhawara kan wane kuɗi za su kashe, wa zai biya fansho, man tekunsu zai kai su ina. Kashi 55 suka ce a zauna cikin Birtaniya. Bayan shekara biyu kashi 62 nasu suka zaɓi zama cikin Tarayyar Turai, ƙuri'ar Ingila ta fitar da su duk da haka. Zaman ma ke nan yana da nasa farashin, kuma ƙarami ne ke biya. 'Yan'uwanmu na Nijar, tare da Mali da Burkina Faso, sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, amma Maraɗi na nan inda take, kasuwarta kuma ba ta daina kallon Katsina da Kano ba.

A Najeriya tsarin mulkin 1999 ya rufe ƙofar ficewa tun a sashe na 2, ya kuma ƙuntata ta sabuwar jiha a sashe na 8. Sai kashi biyu cikin uku na wakilan yankin a majalisun tarayya da na jiha da na ƙananan hukumomi sun nema, sai kashi biyu cikin uku na mutanen yankin sun amince a ƙuri'ar raba gardama, sai yawancin jihohi sun yarda, sannan kashi biyu cikin uku na kowane zaure na Majalisar Tarayya. Sau ɗaya farar hula suka taɓa yanka sabon yanki, Tsakiyar Yamma a 1963, sauran duk da dokar soja aka yi su. Taron ƙasa na 2014 ya ba da shawarar ƙarin jihohi 18, ko ɗaya ba ta tabbata ba. Nasarawa na cikin 'yan autan jihohi, kuma ba a tambayi mutanen Kwandere da ƙuri'a ba, a rediyo suka ji.

Ni dai bayan abin da na gani, malamin na bai wa gaskiya kan 1996. Jos ta yi nisa, kuma mutanen wannan yanki sun cancanci gwamnatin da za su iya zuwa su buga mata ƙofa. Amma da za a kawo mini takardar sake raba Nasarawa, ko wata jihar irinta, ba zan sa hannu ba sai masu nema sun faɗi da me za su biya malamin firamare in kason Abuja ya makara, sun kuma rubuta tun yanzu yadda kujerar gwamna za ta riƙa zagayawa tsakanin ƙabilun da za su tarar a cikin sabon gidan nasu.